Akori-kura Ta Ja Tirela Ta Kama Jijjiga: Ina Ciwon Yake?

Shirin yau na direbobi ne, da masu motoci, da makanikai, har da yaran mota da ke gefe suna koyo.

Akwai wani kuka da ake yawan kaiwa gareji. Mai mota zai ce motarsa lafiya lau take idan ita kaɗai ce. Da ya ɗaura mata tirela sai ta kama jijjiga. Sitiyari na rawa, kujera na karkarwa, madubi ya koma dishi-dishi. Ya kwance tirelar, mota ta koma sumul. Makanike ya karɓi makulli, ya zagaya gari, ya dawo ya ce shi bai ji komai ba. Kuma gaskiya ya faɗa, tunda ba da tirelar ya gwada ba.

Ba babbar tirelar dakon siminti muke nufi ba. Ƙaramar muke nufi, mai taya 2 ko 4, wadda ake maƙalawa a bayan akori-kura. A kanta masu haƙa rijiyar burtsatse ke jan kayan aiki. A kanta 'yan kwangila ke ɗora janareta ko tankin ruwa, manomi kuma ya ɗora taki. A Amurka wannan abu ne na yau da kullum: suna jan dawaki, da ƙananan jiragen ruwa, har da ɗakin kwana mai taya. Shi ya sa yawancin ƙa'idojin da za ku ji yau daga can suka fito, wasu kuma daga Turai. Amma motocin da abin ya shafa ga su nan a gabanmu. Ga Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968. Ga Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke ratsa hanyoyin Agadas da Chadi. Ga kuma tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda har yau ba ta ajiye aiki ba.

Mu fara da abin da ba ya cin ko sisi, wato tambayoyi uku da direba zai yi wa kansa kafin a taɓa sifana.

Jijjiga ba ta zuwa haka siddan. Tana da lokacinta, tana da wurinta, tana da saurinta. Ku riƙe waɗannan ukun: lokaci, wuri, sauri.

Lokaci shi ne: yaushe take zuwa? Da an tashi daga tsaye? Sai an kai wani gudu? Sai an taka totur a hawa? Ko kuwa sai an taka birki? Direban da ya ce wa makanike «motata na jijjiga» bai ce komai ba. Wanda ya ce «tana farawa a kilomita 85, tana ɗaukewa a 105, ko na taka totur ko na saki», ya yi wa makanike rabin aiki.

Wuri shi ne: a ina jiki ke jin ta? Idan a tafin hannu ne, a sitiyari, a fara zargin gaban mota. Idan a kujera ne, ko a ƙasan bodi inda ƙafa take, a waiwayi baya: tayoyin baya, ko farfela, ko tirelar kanta da ke turo rawarta ta ƙarfen haɗi. Idan a ƙafar da ke kan birki ne, to birki ne.

Sauri kuwa, nan za mu ɗan daɗe, domin shi ne aka fi mantawa. Duk abin da ke juyawa a mota yana da nasa saurin juyi, kuma da wannan saurin yake girgiza mota idan ya lalace. Ɗauki tayar Hilux mai lamba 265/65 a kan wili inci 17. Kewayenta ya kusa mita 2 da rabi. A gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 11 a daƙiƙa ɗaya. Wannan girgiza ce da ido ke gani. Hannu na kaɗawa, ruwan gora na tsalle, muryar mai magana na rawa. Farfela kuwa, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota yana kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, tana juyawa kusan ninki huɗu na taya. Sau 40 da ɗoriya ke nan a daƙiƙa. Ido ba ya kama wannan. Diri ake ji, da zuuu a ƙafa, madubi kuma ya dushe. Saboda haka girgiza mai kaɗa jiki ta taya ce. Diri mai sa ƙafa ɗaurewa na farfela ne. A maimaita: mai kaɗawa, taya, mai diri, farfela.

Akwai kuma wadda ke zuwa ta tafi, ta sake dawowa bayan 'yan daƙiƙoƙi, alhali gudu bai canza ba. Galibi tayoyi biyu ne, kowacce da nata aibin. Wani lokaci bugunsu ya zo tare, jijjiga ta ƙaru. Wani lokaci ya saɓa, ta lafa.

Gwaji biyu na tabbatar da zato. Na farko, a samu hanya shimfiɗaɗɗiya marar cunkoso, ba gangara ba. A kai gudun da jijjigar ke zuwa, a taka kuloci na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Inji ya huta, mota na tafiya. Idan jijjiga ta ɗauke nan take, to tana da alaƙa da ƙarfin ja, wato inji ko giyabos ko farfela a ƙarƙashin nauyi. Idan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba, to abin da ke bin gudun hanya ne: taya, wili, boris, ko farfelar kanta.

Gwaji na biyu ya fi kowanne kaifi, kuma shi ne mutane ke ƙyashin yi. A ari tirelar wani a ɗaura wa motar. Ko a ɗaura tirelar nan a motar wani. Idan jijjiga ta bi tirela zuwa sabuwar mota, magana ta ƙare. Idan ta zauna a mota ko da wace tirela aka ɗaura, to motar ce ke da ciwo, nauyi ne kawai ke tona shi. In babu halin aro, wani ya biyo baya a mota ko babur ya zuba ido. Tayar da ke tsalle ba ta ɓuya ga wanda ke bayanta.

Yanzu sai mu shiga kashi na biyu, tayoyin tirela. Daga nan ya kamata a fara dubawa, domin nan ne aka fi sakaci, kuma nan ne gyara ya fi araha.

Mota ana hawanta kullum. Tirela kuwa sai ta yi wata uku a bayan gida, rana na dukanta, nauyi na kan wuri ɗaya. Tayar da ta daɗe a tsaye takan baje a wurin da ta taɓa ƙasa. Idan bajewar ƙarama ce, tana warwarewa bayan an yi 'yar tafiya taya ta ɗumama. Idan an yi tafiyar rabin awa ba ta daina ba, to ba wannan ba ce.

Sannan tayar tirela tsufa ke kashe ta, ba suɗewa ba. Za ka ga zanenta raɗau, amma robar ta bushe ta tsattsage. Shekarunta na rubuce a jikinta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani duk shekara da zarar ta cika shekara 5, a kuma cire ta idan ta kai 10 ko da tana da kyan gani. Mai sayen taya ta gwanjo ya fara karanta wannan lamba kafin ya taya.

Tsohuwar taya, wayoyin cikinta kan saki. Sai wani sashe ya ɗan taso. A tsaye ba a cika lura ba. A ɗaga ta da jak, a kafa sanda dab da ita, a juya ta da hannu a hankali. Idan tana taɓa sandar a wani wuri tana nisa a wani, ko zanen na lanƙwasa kamar maciji ya wuce, wannan taya ta gama aiki. Balansin ba ya gyara ta. Haka wili da ya lanƙwashe a rami.

Maganar balansin, wato daidaita nauyin taya da 'yan guntayen darma da ake maƙalawa a bakin wili: mutane da yawa ba sa yi wa tayar tirela, wai ai ba kowa a ciki. Ga lissafi. A ce akwai rarar nauyi giram 50 a gefe ɗaya na taya irin ta Hilux ɗin nan, nauyin ƙwan kaza ɗaya ke nan. A gudun kilomita 50, yana fizgar taya da ƙarfin kilo 2 da rabi. A kilomita 100, fizgar ta zama ta kusan kilo 10, sau 11 a kowace daƙiƙa. An ninka gudu biyu, fizga ta ninka huɗu. Kuma busasshen laka da ya maƙale a cikin wili bayan an fito daga gona da damina ya fi giram 50 nesa ba kusa ba. Kafin a kai mota gareji, a wanke cikin wili. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

Wani zai ce, to me ya sa take ɗaukewa idan na ƙara gudu? Saboda sifirin da taya suna da wani saurin tsalle da ya dace da su, wanda yakan faɗo tsakanin kilomita 80 zuwa 110. Idan juyin taya ya yi daidai da shi, rawa ta yi tsanani. An wuce wurin, ta lafa. Ba warkewa ta yi ba, kuma wuce wurin da tirela a baya ba dabara ba ce.

Saura boris da notuna. Bayan tafiyar kilomita 15 ko 20, a tsaya a kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. Amma idan ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, boris ɗinta ya bushe ko an matse shi fiye da kima. A ɗaga tayar, a kama sama da ƙasa a jijjiga. Idan tana ƙwas-ƙwas, ya yi sako-sako. Kamfanin Dexter na Amurka, mai ƙera aksul ɗin tirela, ya ce a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000, wato kusan kilomita 19,000. Notunan wili kuma a sake matse su bayan 'yar tafiya duk lokacin da aka cire taya. Idan an ga jan tsatsa na zubowa daga gindin noti, ko ramin notin ya fara faɗi, wilin na motsi a kan mazauninsa.

Ga wata da ta shafe mu musamman. Da yawan ƙananan tireloli a garuruwanmu mai walda ne ya haɗa su da aksul ɗin tsohuwar mota. Wasu aikin ya yi kyau ƙwarai. Wasu kuma aksul ɗin ya ɗan karkace. Awo da tef zai nuna: daga wurin haɗi zuwa cibiyar tayar dama, da zuwa ta hagu, dole su zo daidai. In sun saɓa, tirela na tafiya a karkace, tana cin taya tudu da kwari, taya kuma ta fara kiɗa.

Kashi na uku shi ne wurin haɗi da yadda aka jera kaya.

Tirela ba ja kawai ake yi ba. Wuyanta, wato ƙarfen da ya miƙo gaba, yana danna bayan mota. Ƙa'idar Amurkawa ita ce wannan danni ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta. Tirela mai kilo 1,500, wuyanta ya danna da kilo 150 zuwa 225, muddin bai wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfen haɗi ba. Hanyar samun haka ita ce kusan kashi 60 na kaya ya zauna gaban aksul, kashi 40 a baya, mai nauyi kuma a ƙasa. Turawan Turai suna yarda da dannin da bai kai haka ba, amma sun biya da rage gudu.

Idan wuya ya yi sauƙi, yana ɗagawa yana faɗawa a kan haɗi, ana jin bugu a baya. Idan ya yi nauyi da yawa, bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga. Ku riƙe wannan durƙuson, za mu dawo kansa.

Ƙwallon ƙarfen da tirela ke hawa kansa ma ba girma ɗaya ba ne. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma babba mai kusan milimita 59. Mu kuwa kayanmu daga ko'ina suke shigowa. Sai ka ga bakin tirelar Amurka a kan ƙwallon Turai. Ratar ba ta kai milimita ɗaya ba, amma ta isa ta riƙa ƙwanƙwasa. Idan kuma babban baki ne a kan ƙaramin ƙwallo, wannan ya wuce jijjiga, tirela na iya fita a kan hanya. Girman na rubuce a saman ƙwallo da jikin bakin. Masu haɗin zobe da fin su sani cewa nasu dama yana da rata, bugu a tashi da tsayawa halinsa ne.

Masu jan tankin ruwa, taku daban ce. Lita 1,000 ta ruwa kilo 1,000 ce. Idan tanki rabi ne, kilo 500 ke gudu gaba da baya a bayanku. An taka birki ya doki gaba, an taka totur ya koma baya. Direba na jin ana tura shi ana fizgo shi, ya ɗauka giyabos ne. A cika tanki fal, ko a tafi da shi fanko, ko a sa mai walda ya yi masa shingaye a ciki. Kuma a tuna, tirelar da ba ta da birkin kanta, iyakar da aka yanka wa Hilux da ire-irenta kilo 750 ne. Kilo 3,500 da ake ji a tallan sababbin Hilux na tirela mai birki ne.

To, mu dawo kan durƙuso, kashi na huɗu ke nan. Nan ne amsar tambayar nan take: me ya sa mota ke lafiya ita kaɗai, amma ta rikice da tirela, alhali tirelar ba ta da laifi?

Farfela ba a miƙe take sambal ba. Giyabos na sama, aksul ɗin baya na ƙasa yana hawa da sauka. Saboda haka a kowane ƙarshenta akwai gaɓa mai kai huɗu da makanikai ke kira kuros. Wannan gaɓa tsohuwa ce. Ana jingina ta ga Gerolamo Cardano, wani masanin Italiya na ƙarni na 16. A ƙarni na 17 kuma Robert Hooke na Ingila ya gano halinta: idan tana aiki a lanƙwashe, ba ta juyawa da gudu ɗaya. A kowane juyi tana ƙara sauri ta rage sau biyu. Ƙara lanƙwasa, ƙara tsanani.

Maƙera mota sun san haka. Dabararsu ita ce lanƙwasar kuros na gaba ta yi daidai da ta na baya, sai na biyun ya goge abin da na farko ya ɓata. Kamfanin Spicer, mai ƙera waɗannan gaɓoɓi, ya ce kowace lanƙwasa kada ta wuce digiri 3, kuma bambancin biyun kada ya wuce digiri 1. Digiri 1 fa. Yanzu a ɗora wuyan tirela mai kilo 250 a bayan motar da sifirin ɗinta ya gaji, a ƙara buhuna a bodi. Baya ya sauka. Lanƙwasar ta canza, biyun ba su daidaita kuma ba. Ƙari a kan haka, idan aka taka totur don tayar da nauyi, sifirin mai ganye kan murɗe, hancin aksul ya ɗaga sama. Sakamakon shi ne karkarwar nan da ake ji da an tashi daga tsaye, tsakanin kilomita 10 zuwa 30, wadda ke ɓacewa idan mota ta miƙe. Dogayen motoci masu farfela gida biyu, da boris mai roba a tsakiya, su suka fi yin ta. In robar ta yage, abin ya ƙara muni.

Ana gane wannan da tef. A auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar baya kafin a ɗaura tirela. A ɗaura, a sake aunawa. A rage kaya ko a ɗan ja su baya, ba tare da wuya ya yi sauƙi ba, a sake tashi. Idan karkarwar ta ragu da raguwar durƙuso, an kama ɓarawo. Maganin shi ne a mayar da mota tsayinta: a canza sifirin da ya gaji, ko a gyara jerin kaya. Amma a ji da kyau, ƙara ganyen sifirin ba ya ƙara wa birki ko aksul ko shasi ƙarfi.

Kuros ɗin kansa kan ci. A kashe inji, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya, a cire giya, sannan a shiga ƙasa a murɗa farfela da hannu. Kada a ji rata a gaɓar. Jan gari kamar tsatsa a bakin kofunanta alama ce ta bushe. Yawancin Hilux da Land Cruiser suna da kan shan giris a wurin, amma sau nawa mai canjin mai ke tunawa da shi?

Akwai kuma kuskuren gareji. Idan aka zare farfela gida biyu don gyaran kuloci, aka mayar da ita haƙori ɗaya ya goce, kunnuwan kuros ba sa kallon juna yadda maƙera suka tsara. Mota za ta fito da dirin da ba ta shiga da shi ba. Makaniken kirki yakan sa alamar fenti kafin ya zare. Saboda haka tambaya ta huɗu da ta cancanci a ƙara a kan ukun nan ita ce: me aka taɓa a motar kwanan nan?

Kashi na biyar, inji da giyabos. A mota mai giyar hannu, abin da ya fi yawa shi ne direba ya bar ta a giya ta 5 a hawa, wai yana tattalin mai. Inji na gurnani, bodi na kaɗawa. A sauko giya ɗaya, shi ke nan. In ba ta daina ba, a duba fulogi a motar fetur, nozul da matatar mai a motar gas, da robar da inji ke zaune a kai. Silinda mai rauni ba ta nuna kanta sai an nemi ƙarfi.

Mota otomatik tana da nata salon. Tsakanin inji da giyabos akwai wani curin ƙarfe cike da man giya, a cikinsa kuma akwai ƙaramin kuloci da ke kamawa idan mota ta miƙe. Idan man ya gaji ko ya sha zafi, kulocin na kamawa yana sulɓewa. Direba zai ji kamar ya hau gargada na 'yan daƙiƙoƙi a kan lafiyayyar kwalta, galibi tsakanin kilomita 50 zuwa 80, da totur kaɗan. Wannan ya faru a fili a Amurka. Masu Chevrolet Silverado da Colorado da GMC Sierra na shekarun 2015 zuwa 2019, masu giya 8, sun yi ta kuka da wannan karkarwa har magana ta kai kotun tarayya a jihar Michigan. Umarnin da kamfanin General Motors, mai ƙera su, ya bai wa garejinsa shi ne a wanke tsohon man giya a zuba wani iri daban. Wasu kafin nan sun canza tayoyin da ba su da laifi. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan ta fara, a sauko giya ɗaya da hannu. In ta ɗauke alhali gudu bai canza ba, ba taya ba ce. Motar da ke da maɓallin jan kaya, a danna shi duk lokacin da tirela ke baya.

Birki ba sai mun daɗe ba. Jijjigar da ba ta zuwa sai an taka birki, faifan birkin mota ne ya ci ba daidai ba, sau da yawa saboda zafin tsayar da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ko kuma gangar birkin tirela ce ta daina zama da'ira.

Kashi na ƙarshe, masu sauraro, shi ne na rai da mutuwa, don haka a ƙara kasa kunne. Abu biyu ne.

Na farko a gaba yake. Motoci masu aksul ɗaya miƙaƙƙe a gaba, irin su Ford F-250 da F-350 masu jan taya huɗu a Amurka, an san su da wata girgiza da ke tashi idan an daki rami ana gudu. Sitiyari ya kama fizga dama da hagu kamar zai ɓalle, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Amurkawa girgizar mutuwa suke ce mata. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ita ma irin wannan aksul gare ta. Tushen abin sako-sako ne a bushin da tayarod da boris ɗin gaba, tirela mai nauyin wuya kuma tana rage wa gaba nauyi, ta ba shi damar rawa. Wasu kan canza shokozobar sitiyari su ce an gyara. Rufe ciwon kawai suka yi. A nemo abin da ya yi sako-sako.

Na biyu a baya yake, kuma ba jijjiga ba ce ko da yake mutane na haɗa su. Shi ne tirela ta fara lilo, dama, hagu, dama, hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi. Yakan tashi a gangara, ko idan babbar mota ta wuce da iskarta, ko iska ta bugo daga gefe a fili. Sanadinsa kusan kullum biyu ne: kaya sun yi yawa a bayan aksul, gudu kuma ya yi yawa. Tayar baya marar isasshiyar iska na ƙara masa. Ba banza ba Jamus ta tsayar da masu jan tirela a kilomita 80 sai da izini na musamman, Birtaniya a mil 60 a manyan hanyoyi, jihar Kalifoniya kuma a mil 55, kusan kilomita 88.

Malam direba, idan lilo ya fara, kada ka danna birkin mota da ƙarfi. Kada ka ƙara wuta wai ka miƙar da ita. Kada ka bi ta da sitiyari, domin hannunka zai makara, ka ƙara mata. Ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu. Ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, mota ta rage gudu da kanta. Idan tirelarka na da birkin lantarki mai abin matsawa kusa da hannunka, ka matsa shi shi kaɗai, zai ja ta ta dawo layi. Da ta lafa, ka nemi wuri ka tsaya gefen hanya. Ka kwance igiya, ka matso da kaya masu nauyi gaban aksul, ka ɗaure su tam, ka auna iskar tayoyi, sannan ka ci gaba da gudun da bai kai wanda lilon ya fara a kansa ba.